Kula da Miki a Gida Bayan Ƙaramin Aiki

Ya ke 'yar'uwa mai juna biyu, da ke maijego, da ku masu jinya a gida, wannan bayani naku ne. Ƙaramin aiki shi ne wanda likita ko ungozoma za su yi cikin ɗan lokaci, a kashe wurin da allura, sau da yawa kuma a sallame ki a ranar. Misalinsa farke maruru ko ƙurjin nono, cire ɗan kumburi a fata, ciro ashanar tazarar haihuwa daga dantse, ko ɗinke ƙarin da aka yi miki wajen haihuwa. Aikin ƙarami ne, amma ƙofa ce aka buɗe wa ƙwayoyin cuta. Idan kin koma gida, a Horo Birni ne ko wani ƙauyen Shagari ko Bodinga, babu nas a kusa da ke. Hannunki da na mahaifiyarki ko surukarki su ne za su ƙarasa aikin.

Amfanin man shafawa

An saba cewa a bar miki ya sha iska ya bushe. Bincike ya nuna ba haka ba ne. A 1962 wani masani a Ingila mai suna George Winter ya gwada a jikin dabbobi, ya ga mikin da aka rufe, aka bar shi da ɗan danshi, ya fi saurin yin sabuwar fata a kan wanda aka bari ya yi ɓawo. Aikin man shafawa ke nan: ya hana wurin bushewa da tsagewa, ya kuma hana bandeji mannewa. A ƙasarmu ta Sakkwato, inda iskar hunturu ke fasa ko lafiyayyar fata, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Ba kowane miki ne ke bukatar mai mai kashe ƙwayoyin cuta ba. A 1996 an buga wani bincike a Amurka a kan mutane sama da 900 da aka yi wa ƙananan ayyukan fata. An shafa wa wasu farin basilin, wasu kuma mai mai magani. Yawan waɗanda mikinsu ya ruɓe bai bambanta sosai ba, sai dai mai maganin ya jawo wa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Saboda haka idan likita ya ce basilin kawai za ki shafa, ba rowa ya yi miki ba. Tsabta ce ke warkar da miki, ba tsadar magani ba.

Yadda za ki yi

1. Ki bar bandejin farko yadda aka sa shi, kwana ɗaya zuwa biyu, ko yadda aka umarce ki. Kada ya jiƙe.
2. Kafin ki taɓa wurin, ki wanke hannu da sabulu, ana zuba miki ruwa da buta. Mai taimaka miki ma haka.
3. Ki tafasa ruwa rabin lita, ki sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ki bar shi ya huce. Da shi za ki wanke mikin a hankali, ba dirzawa.
4. Ki tsane wurin da auduga mai tsabta.
5. Ki shafa man kaɗan, ya yi ɗan sheƙi kawai. Laftawa na jiƙa bakin mikin ya yi fari ya ƙi haɗewa. Kada bakin mazubin ya taɓa mikin, kada kuma a ɗebo daga kwalbar basilin da kowa ke tsoma yatsa a gida. A sayi sabuwa a ware.
6. Ki rufe da sabon bandeji. A canza kullum, ko duk lokacin da ya jiƙe da gumi ko ya yi datti.
7. Ki koma ranar da aka ba ki. Zaren da ba ya narkewa ana cire shi yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14.

Mikin da hukuncinsa dabam

Ƙurjin da aka farke ba a cika ɗinke shi ba. Akan bar shi a buɗe don mugunya ta fita, ya ciko daga ciki. Kada ki toshe bakinsa da mai, ki riƙa zuwa wanki a asibiti. Idan a nono ne, ki ci gaba da shayarwa sai dai in likita ya hana, kuma kada man ya kai inda bakin jariri ke kamawa.

Ɗinkin ƙarin haihuwa kuwa zarensa narkewa yake da kansa cikin 'yan makonni, kuma ba ya bukatar mai sai wanda aka rubuta miki. Ki yi tsarki da ruwa mai ɗumi daga gaba zuwa baya, ki tsane, ki yawaita canza ƙunzugu. Inna da Gwaggo masu wankan jego, a yi hattara: ruwan da hannu ba zai iya jurewa ba yana ƙona wurin, yana iya warware ɗinkin. Kada a zaunar da ita a kan garwashi, kada kuma a cusa mata komai a gaba.

Abubuwan da ba a sawa

Toka, ƙasa, kashin shanu, baƙin mai, man goge baki, garin kafso da aka fasa, da saiwar da aka daka, duk ba a sa su a miki. Ƙasa da kashin dabbobi suna ɗauke da ƙwayar cutar tsinkau-tsinkau, wadda ke sanƙarar da jiki ta sarƙe haƙora, tana kuma kisa. Shi ya sa ake yi miki allurar rigakafinta a wurin awo. Man bilicin yana sa fata ta yi siriri, ya hana miki haɗewa. Sifirit yana ƙona sabon nama. Aidin ma kada mai ciki ko mai shayarwa ta daɗe tana shafa shi ba da izinin likita ba, domin yana ratsa fata ya kai ga jariri. Duk man da za a saya a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, a ajiye shi a inuwa.

Idan zafi ya dame ki, farasitamol ya isa. Kada ki sayi wani maganin ciwon jiki a kemis kina da ciki ba tare da kin tambaya ba.

Cibiyar jariri ma miki ce

Ranar da kika sauka, miki biyu ake jinya a ɗakin, naki da cibiyar jaririnki. A 2013 Jihar Sakkwato ta fara raba wa masu haihuwa man cibiya, wanda aka rubuta Chlorhexidine a jikin kwalinsa, don rage mutuwar jarirai daga ruɓewar cibiya. Ana shafa shi a kan cibiyar da gindinta tun ranar haihuwa, sau ɗaya a rana har kwana 7, da hannu mai tsabta. Ba a rufe ta da bandeji, ba a gasa ta da tsumma mai zafi. Za ta faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Wannan mai na cibiya ne kaɗai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi bayan an samu jarirai a ƙasashen Afirka da suka makance saboda an sa musu shi a ido bisa kuskure. Ki raba masa wurin ajiya da maganin ido.

Alamomin haɗari

Ɗan ja da ɗan zafi a kwanaki biyun farko ba abin damuwa ba ne. Amma ki garzaya asibiti a ranar idan kin ga:

- zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa;
- kumburi ko ja yana yaɗuwa;
- mugunya ko wari;
- ɗinki ya buɗe, ko jini ya ƙi tsayawa bayan an danne minti 10;
- zazzaɓi ko rawar sanyi;
- muƙamuƙi ko wuya ya sage;
- jariri ya ƙi kama nono, ko fatar gefen cibiyarsa ta yi ja.

Ki fara da asibitin da ya fi kusa. Idan abin ya fi ƙarfinsu za su tura ki babban asibiti ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Mai ciwon suga ko ƙarancin jini ta ƙara sa ido, domin mikinta ya fi jinkirin warkewa.

Malam maigida, kai ma da naka. Ka tanadi sabulu da auduga da bandeji, ka samar mata wake, ƙwai, kifi, nama da zogale gwargwadon hali, domin da abinci jiki ke gina sabuwar fata. Ka ajiye kuɗin mota tun kafin ranar, ka kuma bar izini a gida cewa a kai ta asibiti ko ba ka nan. Mikin da aka kawo da wuri wanki ne da magani, wanda aka bari ya zama gyambo kuwa sai kwanciya.

Allah ya sauke ku lafiya, ya raya mana abin da aka samu.