Numfashin da Ake Saye a Kemis

Da zarar hunturu ya kama, nakan ji tarin tsofaffin mata ya ƙaru, sai a ce asma ce ko sanyi. Sau da yawa ba haka ba ne. Shekaru talatin a bakin murhu ana shaƙar hayaƙin itace kan ƙuntata hanyoyin iskar huhu, kamar yadda taba sigari ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan cuta ta kashe mutum miliyan 3.23 a 2019.

Maganin shaƙa ba ya warkar da ita. Aikinsa sassauta tsokar da ta kewaye hanyoyin iskar, su buɗe. Salbutamol, wanda aka fi sani da Ventolin, yakan fara aiki cikin 'yan mintoci, ya ɗauki awa huɗu zuwa shida. Tiotropium kuwa sau ɗaya ake shaƙarsa a rana, yana rage tashin ciwon, amma da wuya ka same shi a kemis ɗin ƙauye. Shi kansa Ventolin ya yi tsada tun da kamfanin GSK ya sanar da ficewarsa daga Nijeriya a 2023.

A ganina, asibitocin gwamnati su tanade su, su kuma koya wa marasa lafiya yadda ake shaƙa, domin da yawa a baki maganin ke tsaya musu, bai kai huhu ba.