Inshorar Haɗari a Kudancin Kano: Abin da Take Biya da Abin da Ta Togace

Gabatarwa

Daga Kwanar Dangora, inda hanyar Jos ta rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya, titi yana ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ya bi ta ƙasar Doguwa har ya faɗa jihar Kaduna. Mafi yawan mazauna ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa da ƙarfin jikinsu suke ci: manoman masara da shinkafa, da masunta a madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974, da 'yan acaɓa, da masu aiki a injinan gyaran shinkafa, da mahaƙan kuza a Riruwai. Irin wannan mutum jikinsa ne jarinsa. In ya karye a farkon damina, bayan kuɗin magani akwai asarar noman shekara, ga kuma bashin taki da ke jiran kaka.

Dokokin Nijeriya sun yi tanadi ga wanda ya ji rauni, sai dai tanadin ya tsallake wannan rukuni. Dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF. Dokar fansho ta 2014 kuwa ta wajabta wa ma'aikata inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Duka biyun suna magana ne a kan mai albashi. Inshorar mota ta dole, wadda dokarta ta samo asali tun 1945, aka kuma ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 a watan Janairun 2023, tana biyan wanda aka buge ne ko aka yi wa ɓarna. Mai abin hawa da ya ji ciwo a kan abin hawansa ba ya samun ko kwabo daga gare ta. Wannan giɓi shi ne wurin inshorar haɗari ta mutum ɗaya, wato yarjejeniyar da mutum yake ƙullawa a kan jikinsa.

Asali da tsari

A Landan aka fara irin wannan ciniki, a 1849, lokacin da kamfanin Railway Passengers Assurance ya riƙa sayar wa fasinjojin jirgin ƙasa takardar kariya tare da tikitin tafiya. Tsarin bai sauya sosai ba. Mutum yana biyan zubi, galibi na shekara guda, kamfani kuma ya ɗauki alkawarin biyan wani adadi sananne in haɗari ya auku a cikin wa'adin. A Nijeriya hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba kamfanoni lasisi da sa musu ido, kuma ƙa'idar da ake bi ita ce sai an biya zubi kariya take farawa.

Biyan ya kasu huɗu. Na farko shi ne na rasuwa, inda ake biyan cikakken adadin da aka ƙulla a kai, bisa sharaɗin rasuwar ta biyo bayan raunin a cikin wa'adi, wanda yawanci wata goma sha biyu ne. Na biyu shi ne na naƙasa ta dindindin, gaba ɗaya ko ta wata gaɓa. Sai biyan mako-mako ga wanda rauni ya hana shi aiki na ɗan lokaci, sannan mayar da kuɗin asibiti zuwa wani iyaka. Na ƙarshen nan ne kaɗai ake aunawa da abin da aka kashe. Na rasuwa da na naƙasa ba a duba yawan asarar da aka yi; abin da aka rubuta tun farko shi ake biya, ko da mutum ya sami taimako daga wata kafa.

Jadawalin gaɓoɓi da hukuncin diyya

Wanda ya yi karatun fiƙihu a zaure ba zai ga baƙon abu ba in aka shimfiɗa masa jadawalin naƙasa. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risalar Ibn Abi Zaid, cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Hannu ɗaya rabin diyya ne, kowane yatsa raƙuma 10, haƙori kuma 5. Takardar inshora ita ma haka take raba jiki: rasa ido biyu ko hannu biyu cikakken adadi, rasa ɗaya kusan rabi, yatsu kuma ƙasa da haka. A misali, wanda ya ƙulla a kan naira miliyan ɗaya, injin casar masara ya cinye masa hannu, zai karɓi wajen naira dubu ɗari biyar in jadawalinsa ya ba hannu rabi.

Kamar ta tsaya a nan. Fiƙihu ya daidaita yatsu, bai fifita babba a kan ƙarami ba, amma jadawalin kamfanoni ya kan ba babban yatsa kaso mafi tsoka, wasu ma suna fifita hannun dama a kan na hagu. Muhimmin bambanci kuwa shi ne na wanda biya ya hau kansa. Diyya tana neman wanda ya yi laifin. In kuskure ne kuma ya kai sulusin diyya, danginsa na wajen uba, waɗanda malamai ke kira aƙila, su ke ɗaukar nauyin, cikakkiyar diyya kuma a cikin shekara uku ake biyan ta. To, manomin da ya faɗo daga kan ɗorawa, ko wanda san huɗa ya tunkuya, ko masuncin da kwalekwale ya kife da shi, wa zai kai ƙara? Da yawan raunukan ƙauye ba su da mai laifi, wasu kuma direban da ya jawo su ya tsere cikin dare. Inshorar haɗari ba ta tambayar wanda ya jawo. Wannan shi ne babban amfaninta, kuma shi ne abin da dillalanta suka fi sakaci da bayyanawa.

Tsarin aƙila ya ba malaman zamani hujja guda wajen halatta inshorar taimakon juna. A 1985 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa inshorar kasuwanci ta ƙunshi garari mai ɓata ciniki, ta kuma amince da wadda aka gina a kan kyauta da taimakekeniya. Kafin nan, a 1979, an riga an kafa kamfanin farko na irin wannan tsari a Sudan. NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, daga baya kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisi. A takaful zubin mutum kyauta ce ga asusun mahalarta, kamfani wakili ne da ke karɓar ladan gudanarwa, rarar da ta saura kuma ana iya raba ta. Sai dai takaful ta warware matsalar halacci ne kawai. Sharuɗɗa da togaciya da neman shaida suna nan a cikinta kamar yadda suke a ɗaya tsarin.

Haɗari a bakin Bahaushe da haɗari a takarda

Kalmar haɗari, da 'yar'uwarta hatsari, daga Larabci suka shigo, kuma suna ɗauke da ma'ana biyu: abin tsoro da ke iya aukuwa, da kuma karon da ya riga ya auku. Tsautsayi ya fi su faɗi, domin ya haɗa duk wata musiba da ta sauka ba zato, shi ya sa ake cewa ba ya wuce ranarsa. Takardar inshora ta ƙuntata ma'anar ƙwarai. Abin da take kira haɗari shi ne rauni a jiki, wanda ya zo farat ɗaya, daga wajen jiki, ba da nufi ba, kuma shi kaɗai ne sanadin naƙasar ko rasuwar.

Kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan yana fitar da wani. Wanda ya yanke jiki ya faɗi a gona saboda hawan jini, mutanen gari za su ce tsautsayi ne, kamfani kuwa zai ce cuta ce. Mai farfaɗiya da ciwonsa ya tashi yana cikin ruwa ya nitse, kamfani zai ce ruwan ba shi kaɗai ne sanadi ba. Saran kububuwa ya cika sharuɗɗan, kuma takardu da dama suna ɗaukarsa haɗari. Maganin feshi ya fi rikitarwa: wanda ya sha shi bisa kuskure yana da hujja, amma wanda ya shekara goma yana shaƙarsa har ƙirji ya lalace ba shi da ita, tun da ciwon bai zo farat ɗaya ba.

Bayan ma'ana sai togaciya, kuma a nan ne yankin kudancin Kano ya fi shiga tsaka mai wuya. Kamfanoni suna raba sana'o'i aji-aji, daga mai aikin ofis zuwa mai aikin ƙarfi da injin, zubi kuma yana hawa da hawan aji. Haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa tana cikin abubuwan da aka saba togacewa, saboda haka mahaƙin kuza da rami ya rufta da shi zai iya tarar da cewa abin da ya fi tsoro shi ne aka cire. Takardu masu yawa suna togace hawan babur, ko su nemi ƙarin zubi a kansa, alhali a ƙauyukan Kiru da Doguwa babur ne motar kasuwa, shi ne motar asibiti. Ana kuma togace yaƙi da tarzoma, da raunin da mutum ya yi wa kansa da gangan, da wanda ya same shi cikin maye ko yana saɓa doka, kamar tuƙi ba lasisi. Harin 'yan fashi, wanda matafiya ta Falgore suka daɗe da sanin tsoronsa, takardu sun saɓa a kansa, don haka tambaya ce da ya kamata a yi kafin a sa hannu. Wanda ya rubuta cewa shi ɗan kasuwa ne don zubi ya yi sauƙi, alhali acaɓa yake yi, ya ba kamfani damar soke yarjejeniyar ranar da ake buƙatarta.

Shaida

Ko haɗari ya cika dukan sharuɗɗa, ba a biya sai da takarda. Kamfani yana neman a sanar da shi cikin kwanakin da aka ƙayyade, a kawo rahoton likita, da rahoton 'yan sanda ko na hukumar kiyaye haɗurra in a hanya ne, da rasiɗan magani, da takardar shaidar rasuwa in an rasu. Al'adar yankin kuwa tana tafiya ta wata hanya dabam. Wanda ya karye, sau da yawa wurin mai ɗori ake kai shi, saboda kusa ne, ga sauƙin kuɗi, ga amana ta iyaye da kakanni, asibitin ƙashi na Dala kuwa yana can cikin birnin Kano. Mai ɗori ba ya rubuta rahoto. Wanda ya rasu da hantsi ana yi masa sutura kafin la'asar, kuma ba kowane iyali ba ne zai yarda a jinkirta jana'iza don likita ya rubuta sanadi. Biyan mako-mako shi ma ana auna shi ne da kuɗin shiga da aka tabbatar, manomi kuwa samunsa sau ɗaya yake zuwa a shekara, a buhu.

Ba daidai ba ne a ɗora wannan duka a kan jahilcin jama'a, kamar yadda aka saba yi duk lokacin da aka ambaci cewa kason inshora a tattalin arzikin Nijeriya bai kai kashi 1 cikin 100 ba. An tsara takardar ne da ma'aikacin birni a zuciya. Ƙa'idojin ƙaramar inshora da NAICOM ta fitar a 2013, ta sabunta a 2018, sun nemi a sauƙaƙa lafazi da hanyar biya, kuma ta nan gyara zai iya zuwa: a karɓi shaidar ma'aikacin ƙaramin asibiti tare da ta dagaci da limami, a mayar da biyan mako-mako adadi tsayayye da ba ya neman shaidar albashi. Shiga a ƙungiyance, ta ƙungiyar manoma ko ta 'yan acaɓa ko ta masunta, yana rage zubi, ya kuma samar da magatakarda da zai bi takardu a madadin wanda ke kwance. Mutanen da suka saba da adashi da gayya da gudummawa ba sa buƙatar a koya musu ma'anar haɗa kuɗi don ranar wuya.

Sunan abin da ake biya

Akwai aiki a nan ga masu nazarin harshe. 'Yan jarida sun saba fassara kuɗin da kamfani ke biya da kalmar diyya, amma diyya kalma ce mai hukunci a bayanta. Diyyar kisan kuskure gado ce, ana raba ta tsakanin magada bisa rabon da shari'a ta yanka. Takardar inshora kuwa tana da gurbin da mutum ke rubuta sunan mai karɓa, kuma shi kamfani ya sani. In magidanci mai mata biyu ya rubuta sunan ɗansa na fari, shin kyauta ya yi masa, ko amana ya ba shi ya raba? Maleshiya ta raba gardamar a dokarta ta 2013 kan harkokin kuɗi na Musulunci, inda mai shiga takaful yake zaɓa tun farko: wanda ya ambata wasiyyi ne mai rabawa, ko mai cin kyauta. Takardar da za a rubuta da Hausa tana buƙatar kalmomi biyu mabambanta a wannan gurbi, domin in aka rubuta diyya a sama aka sa suna ɗaya a ƙasa, alƙalin kotun shari'a a Tudun Wada ko Bebeji ne zai gaji rigimar.