Labarin Janet Collins, 'Yar Tela Wadda Ta Ƙi a Shafa Mata Fari

A cikin wasannin Turawa akwai wata rawa da suke ce wa balet. Ba a magana a cikinta, ba a waƙa. Da motsin jiki kaɗai ake ba da labari, makaɗa na gefe suna kiɗa. Mata masu yinta kan tsaya a kan yatsun ƙafa cikin takalma masu taurin baki. Ba a gwanancewa sai an fara tun ƙuruciya, a daɗe ana shan horo kamar ɗan koyo a maƙera.

An haifi Janet Collins a birnin New Orleans na Amurka cikin 1917. Baƙar fata ce, ubanta tela. Tana shekara 4 iyayenta suka ƙaura Los Angeles. A zamanin nan yawancin makarantun balet ba sa karɓar baƙi, sai ɗaiɗaikun malamai irin su Carmelita Maracci suka yarda suka koyar da ita.

Tana budurwa, wata mashahuriyar ƙungiya mai suna Ballet Russe de Monte Carlo ta sauka garin. Janet ta je gwaji gaban shugaban rawarsu, Léonide Massine. Ya gani, ya yaba, ya ce zai ɗauke ta, amma bisa sharaɗi guda: duk sa'ad da za ta fito gaban jama'a, sai ta shafe fuskarta da gaɓoɓinta da fari, don a zaci Baturiya ce. Ciniki ne irin na mai son haja amma yana ƙin a san mai ita. Ta ce ba ta yarda ba. Ta fito ta zauna bisa matakala, ta yi ta kuka, gama ba ta san ko irin wannan ƙofa za ta sāke buɗuwa ba.

Ƙofar kuwa ta daɗe a rufe. Janet ta yi rawa tare da Lester Horton da Katherine Dunham, sa'an nan ta tafi New York, inda ta yi wasa ita kaɗai cikin 1949, masu sharhi a jaridu suka yaba ƙwarai. Cikin 1950 ta fito a Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo mai waƙa da rawa, cikin wasan Cole Porter mai suna Out of This World, har aka ba ta lambar Donaldson ta gwanar rawa.

Cikin 1951 babban gidan Metropolitan Opera ya ɗauke ta babbar 'yar rawa. Kafin ita ba a taɓa ba baƙar fata wannan matsayi a gidan ba. Ko mawaƙiya Marian Anderson sai 1955 ta samu shiga. Wasanta na fari shi ne Aida, ƙissar gimbiyar Habasha da aka kama baiwa a Masar. Duk da haka, idan ƙungiyar ta zagaya jihohin Kudu, akwai garuruwan da dokar wariya ta hana ta hawa dandali, sai a sa wata a gurbinta.

Ta bar gidan cikin 1954, ta koma karantar da rawa da tsara ta. Daga baya ta duƙufa ga ibada bisa tafarkin Katolika, tana zanen hotunan addini. Ta rasu a Fort Worth, jihar Texas, ran 28 ga Mayu 2003, tana da shekara 86.