Ballon d'Or: Kyautar da Alƙalamin 'Yan Jarida Ke Bayarwa

Matasan Fammar, Kibiya da Rano da ke bibiyar gasannin Turai a gidajen kallo sukan yi musu mai zafi duk shekara kan wanda ya cancanci Ballon d'Or, wato ƙwallon zinare da ake bai wa gwarzon ɗan wasan duniya, alhali masu yanke hukuncin 'yan jarida ne ɗari kacal. Mujallar France Football ta ƙasar Faransa ce ta ƙirƙiro kyautar a 1956, kuma Stanley Matthews na Ingila ne ya fara lashe ta.

Kusan shekara 40 Turawa kaɗai ake dubawa, sai a 1995 aka buɗe ƙofa ga duk wanda ke buga wa ƙungiyar Turai, kuma a shekarar ce George Weah na Laberiya, wanda daga baya ya shugabanci ƙasarsa, ya ɗauke ta. Har yanzu babu wani ɗan wata ƙasar Afirka da ya maimaita hakan, ko da yake Sadio Mane na Senegal ya zo na biyu a 2022.

A tsarin yanzu, mujallar kan fitar da sunaye 30, sannan kowace ƙasa daga cikin ɗari na saman jadawalin FIFA, wato jerin ƙasashe bisa ƙarfinsu a ƙwallo, ta ba da ɗan jarida guda da zai jera goma daga cikinsu, na farko ya sami maki 15, na goma maki ɗaya. Ke nan Najeriya baki ɗayanta ƙuri'a ɗaya gare ta. Tun 2022 kakar wasa ake aunawa maimakon shekarar kalanda, tare da duba bajintar ɗan wasa, nasarorin ƙungiyarsa da ɗa'arsa.

Muhimmancin masu zaɓen ya fito fili tsakanin 2010 da 2015, lokacin da aka haɗe kyautar da ta FIFA, masu horarwa da kyaftin-kyaftin suka shiga jefa ƙuri'a. A 2013 'yan jarida Franck Ribery suka fifita, wanda ya ci kofin zakarun Turai da Bayern Munich, amma ƙuri'un sauran suka miƙa wa Cristiano Ronaldo, abin da ke nuna cewa suna ya fi rinjayar abokan sana'a fiye da masu alƙalami.

Duk da haka, idon ɗan jarida ma inda kyamara take yake bi. Ko da yake tun 2007 ƙa'ida ta amince da ɗan wasan kowace nahiya, Victor Osimhen ya zo na takwas a 2023 ne saboda ƙwallayen da ya ci wa Napoli ta Italiya, Ademola Lookman kuma na 14 a 2024 ta hanyar Atalanta. Wanda ke taka leda a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba ya cikin lissafin: Ahmed Musa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya zarce kowa a gasar Najeriya, amma sai da ya koma VVV-Venlo ta Holan kafin jaridun Turai su fara rubuta sunansa.