Babban dish ya koma hannun 'yan gwangwan, amma kallon kyauta yana nan

Idan ka bi ta tsofaffin unguwannin masu hali a Kano, Kaduna, Sakkwato ko Maiduguri, ɗan ɗaga kai ka leƙa bayan katanga. A wasu gidajen har yanzu za ka hango shi: wani ƙaton faranti na ƙarfe, wani mai raga-raga kamar rariya, ya kalli sama, tsatsa ta cinye shi. Wani an mayar da shi wajen shanya, wani ya zama inuwar kaji, da yawa kuma tuni 'yan gwangwan suka ɗora su a sikeli suka biya kuɗin kilo.

Waɗanda aka haifa bayan shekarar 2000 ba lallai su san darajar wannan ƙarfe ba. A shekarun 1990, gidan da ke da shi ba a tambayar ko akwai kuɗi. Shi ne iPhone ɗin zamanin, sai dai shi ba ya shiga aljihu, dole duk unguwa ta gani. Abin da ya fi muhimmanci kuma, da zarar an saya an kafa, magana ta ƙare. Babu kuɗin wata, babu saƙon "kuɗinka ya kusa ƙarewa".

Me ya sa yake da girma haka?

Ba don gayu aka yi shi ƙato ba. Tauraron ɗan'adam da ke aiko da talabijin yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000, yana juyawa daidai da juyawar duniya, shi ya sa kullum yake wuri guda, dish ɗinka ma ba ya motsi. Kafin sigina ya iso ƙasa daga wannan nisa ya riga ya galabaita. Aikin farantin shi ne ya tattaro ɗan abin da ya iso, ya cilla shi ga ɗan na'urar nan da ke tsaye a gabansa, wato LNB, ita kuma ta tura ta waya zuwa risiba.

Taurarin farko ba su da ƙarfi, kuma suna aiki ne a zangon da ake kira C-band, wajen gigahaz 4. Don haka sai da faranti mai faɗin mita biyu da rabi, uku, ko fiye. Kamar tarar ruwan sama ne: idan yayyafi ake yi, sai ka sa babban baho kafin ka sami na wanka. Daga baya aka harba taurari masu ƙarfi a zangon Ku-band, wajen gigahaz 11 zuwa 12, sai ƙaramin faranti na santimita 60 ko 90 ya wadatar.

Amma babban yana da abin da ya fi ƙaramin. Ka san yadda hadari yana haɗuwa ana tsakiyar wasa, hoto ya fara kakkaryewa, sai allo ya ce babu sigina? Wannan ciwon Ku-band ne. C-band bai cika damuwa da ruwan sama ba, shi ya sa har gobe za ka ga manyan farantai a harabar gidajen talabijin da na rediyo.

Daga Amurka labarin ya faro

A 1975 tashar fina-finai ta HBO a Amurka ta fara aika shirye-shiryenta ta tauraro zuwa kamfanonin da ke rarraba wa gidaje ta waya. Shekara guda bayan haka wani malamin Jami'ar Stanford, Taylor Howard, ya haɗa nasa dish ɗin a gida, ya kama tashar kai tsaye. Kafin ka ce kwabo, mutanen karkara da wayar talabijin ba ta kai musu ba suka rungumi abin, suna kallon komai ba ko sisi.

Masu tashoshi suka ga ana ci musu tuwo ba a biya, sai suka fara kulle sigina. HBO ta kulle nata a watan Janairun 1986. A watan Afrilun shekarar wani mai sayar da dish a jihar Florida, John MacDougall, wanda kasuwarsa ta karye, ya kutsa cikin siginan HBO da tsakar dare da sunan Captain Midnight, ya ɗora rubutun ƙorafi kan kuɗin wata na dala 12.95 na tsawon minti huɗu da rabi. An kama shi, aka ci shi tarar dala 5,000. Wato rigimar "an ƙara kuɗin wata" ta girmi yawancinmu. A 1994 kuma DirecTV ta fito da faranti mai faɗin santimita 45 kacal, babban dish ya fara haɗa kayansa a can.

Zamaninsa a Arewa

A nan, lokacin da yawancin gidaje NTA da tashar jiha kaɗai suke kamawa da eriya, su ma sai yamma su buɗe, tsakar dare su rufe, dish ne ya buɗe taga. Yaƙin Tekun Fasha na 1991 ya sa sunan CNN ya shiga bakin mutane. Sai tashoshin Larabawa na Arabsat, daga baya na Nilesat da Masar ta harba a 1998. Aljazeera ta zo a 1996. Da azumi a ga tarawihin Makka kai tsaye, da aikin Hajji a ga Arfa, tsofaffi su zauna suna neman fuskar ɗan'uwa cikin miliyoyin alhazai.

Yaran shekarun 2000 kuwa su ne 'yan MBC. MBC 2 ta fara a 2003 da fina-finan Amurka dare da rana, sai MBC Action, sai Spacetoon ta yara, sai Zee Aflam mai fina-finan Indiya. Mutane nawa ne suka tsinci Larabci da Turanci daga rubutun ƙasan allo? Da yake Arewacin Najeriya yana gefen inda siginan waɗannan taurari ke sauka, sai da faranti mai ɗan girma ake kama su da kyau, shi ya sa manyan farantai suka daɗe a nan fiye da wasu wurare.

Kallon kuma na taro ne. Falo guda, yaran maƙwabta cike a ƙasa, rimot a hannun babban yaya. Idan iska ta karkatar da faranti, a kira mai saiti ya zo da ƙaramar talabijin ɗinsa, yana juyawa a hankali ana ihu daga ɗaki: "Ya kawo! A'a, ya ɗauke!"

Abin da ya kashe shi

Ba abu ɗaya ba ne. Na farko fasaha: da aka koma dijital, gurbin da a da tasha ɗaya ke cinyewa a jikin tauraro ya koma ɗaukar tashoshi goma ko fiye, faranti ya ƙanƙance, farashi ya sauko. DStv ta fara a 1995. StarTimes ta shigo Najeriya a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo a 2011, su kuma ko faranti ba sa buƙata, eriya ta isa. A Nijar Canal+ ta kama nata kason.

Na biyu, kuma babba, ƙwallo. Yawancin wasannin Gasar Firimiya ta Ingila da Gasar Zakarun Turai ba a ba da su kyauta, kamfani ne ke sayen haƙƙin nunawa da maƙudan daloli ya kulle. Ko HiTV, kamfanin cikin gida da ya ƙwace Firimiya a 2007, nauyin kuɗin ya taimaka wajen durƙusar da shi a 2011. Matashin da ke son Arsenal ko Madrid ba ruwansa da tashoshi ɗari biyu na kyauta idan babu wasan Asabar a ciki. Daga nan gidajen kallon ƙwallo suka cika kowace unguwa.

Na uku, wayar da ke hannunka. Ta ƙwace idon masu kallo, yanzu kuma tana ƙwace hanyar siginan kanta. Zangon da 5G ta fi so yana maƙwabtaka da na C-band. A Amurka gwamnati ta yi gwanjon wani yanki na zangon ga kamfanonin waya, aka tashi da sama da dala biliyan 80 a farkon 2021. A Najeriya, a watan Disambar 2021, MTN da Mafab suka sayi lasisin zangon gigahaz 3.5, kowanne a kan dala miliyan 273.6. Turken 5G da ke kusa yana iya danne raunannen siginan da ya taso daga sama, sai an sa wa dish ɗin matata ta musamman.

To, kyautar fa?

Tana nan, yawancinmu ne muka daina dubawa. Har yau akwai ɗaruruwan tashoshi da ake watsowa a buɗe, abin da masu sana'ar ke kira FTA. Abin da ake buƙata faranti ne, LNB, waya da risiba irin su Strong, sai kuɗin mai saiti. Sau ɗaya za ka biya.

Kuma a wannan fili ne talabijin ɗin Hausa ya girma. Arewa24 ta fara a 2014 a matsayin tashar kyauta ta tauraro, da haka Daɗin Kowa da Kwana Casa'in suka shiga ƙauyukan da babu mai biyan kuɗin wata. Haka Sunnah TV, Manara, Farin Wata, Liberty da sauransu. Akwai tashoshin labarai irin su Aljazeera da France 24, akwai na Makka da Madina masu nuna Harami dare da rana, akwai jerin tashoshin Ghana na Multi TV da ake kamawa a Najeriya.

Gwamnati ma ta yi alƙawarin nata. An sa watan Yunin 2015 a matsayin wa'adin komawa dijital, Najeriya ba ta cika ba. Aka ƙaddamar da FreeTV a Jos a watan Afrilun 2016, daga baya Abuja, Kaduna, Legas da Kano, amma shirin ya yi ta tafiyar hawainiya, akwatunan ma ba su wadata a kasuwa ba. Tambayi abokanka goma ko akwai mai shi a gida.

Mu yi lissafi

MultiChoice ta ƙara kuɗi sau biyu a 2023, ta ƙara a 2024, ta sake ƙarawa a watan Maris na 2025, har babban tsarin DStv ya kai naira 44,500 a wata. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa ya rasa masu biya kimanin miliyan 1.4 a Najeriya cikin shekara biyu. Da yawansu waya suka koma. Sai ga shi a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Muna cewa YouTube kyauta ne, amma awa guda da hoto matsakaici tana iya lashe kusan rabin gig. A gidan da mutum biyar ke bin Labarina ko Izzar So, kowa a wayarsa, an biya kuɗin shiri ɗaya sau biyar ke nan. Tauraro kuwa bai san adadin masu kallo ba: ko mutum ɗaya ne a falon ko talatin, ko gida dubu ne ko miliyan goma, sigina ɗaya ne. Ga ƙauyen da sabis ɗin waya sai an hau tudu, ƙaramin faranti da sola da batir sun fi kowace manhaja amfani.

Wani abin dubawa kuma, tashar kyauta da talla take rayuwa, talla kuma masu kallo yake bi. Idan matasa suka watse gaba ɗaya, tashoshin su rufe ko su koma na kuɗi, waɗanda za su rasa su ne iyayenmu mata a gida, da tsofaffi, da yaran da ba su da waya. Su ne ba su da wata hanyar.

Kafin ka kira mai saiti

Gaskiya ɗaya ce, FTA ba zai ba ka yawancin wasannin Firimiya ba, kuma ba kai ke zaɓar lokacin shiri ba. Tashoshi suna sauya lamba ko su ƙaura zuwa wani tauraro ba sallama, sai an sake bincike. Duk da haka, ga mai son gwadawa:

Ka fara rubuta tashoshin da gidanku ke so, sannan ka tambayi mai saiti tauraron da suke kai da girman farantin da ke kama shi a garinku. Abin da ke kamawa a Katsina ba lallai ya kama a Lokoja ba.

Ka sayi risiba mai HD wadda ke karanta MPEG-4. Tsofaffin nan na MPEG-2 su ne ke kawo murya babu hoto, ko tasha ta ɓace gaba ɗaya.

Idan akwai tsohon faranti a gida da bai lanƙwashe ba, kada a yi saurin kai shi sikeli. Sau da yawa sabon LNB da sabuwar waya kawai yake buƙata, kuma girmansa riba ce wajen kama sigina mai rauni. Faranti ɗaya ma yana iya ɗaukar LNB biyu ko uku idan taurarin suna kusa da juna.

Ka yi hattara da mai cewa zai sa maka risibar da ke "buɗe komai" har da ƙwallo. Wannan satar sigina ce, doka ta hana, kuma ranar da kamfani ya sauya makulli, kuɗinka ya bi ruwa, shi kuma wayarsa a kashe. Araha ba ta ado.

Ba wanda ya ce ka ajiye waya, TikTok ma yana nan yana jiranka. Amma a ƙarshen watan nan, haɗa abin da gidanku ya kashe a data da kuɗin wata don kallo kawai, ka ninka sau 12, sannan ka je kasuwa ka tambayi kuɗin faranti da risiba. Idan ka kawo wa Hajiya lissafin, ita za ta faɗa maka wanda za a yi.