Kasuwar hunturu a Bande: rake, kayan lambu da hular ulu

Jama'a masu saurarenmu na Bande, Magarya da Dungas, da ƴan uwa da ke Damagaram, Kano, Agadas ko Libiya, hunturu ya kama, kasuwa kuma ta sake kama.

Duk wanda ya shiga kasuwa daga Disamba zuwa Fabrairu ya san abin da muke nufi. Rake ne ke fara tarbar mutum, dami-dami, daga fadamun Korama, inda ruwa ba ya da nisa a ƙasa. Sai rogo da dankali, shu da salati, tumatir da albasa na noman rani, ga mai ƙosai da kunu tun da asuba. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika lura da shi ba, tabarmar mata masu saƙa ce. Hular sanyi, safa, ƴar rigar jariri, duk da zaren ulu da kwarashi ake yin su, a tsakar gida, bayan an gama daka da girki. Kayan barka da suna ne, kuma jaririn da aka haifa cikin ɗari yana bukatarsu ƙwarai, don ta kai yake saurin ɗaukar sanyi.

To, ina matsalar? Ulu ba a nan ake yin shi ba. Yawanci daga kasuwannin Najeriya yake shigowa, kenan farashinsa na bin canjin naira da sefa da halin da iyaka take ciki. Mace ta zuba kuɗin adashinta a zare, ta kwashe kwanaki kan riga ɗaya, sai ta tarar da mai gwanjo a gefenta yana sayar da tasa da araha. Lokacin kuma gajere ne: da zafin Maris ya leƙo, hular da ba ta fita ba sai baɗi, jarin ya kwanta.

Shi ya sa muke ce wa na waje: in za ku aiko da kuɗin kayan suna ko na sanyin yara, ku aiko da wuri, a ba mai saƙa kafin alƙalami ta sayi zare. Ita ce za ta auna kan yaron, in ta warware kuma a maida mata ta gyara, abin da mai gwanjo ba zai yi ba. A dai wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.