Haɗaɗɗen koyo a darussan Turanci na ɗaliban kimiyyar laburare

Haɗaɗɗen koyo tsari ne na karatu da ake gwama darasin cikin aji, inda malami da ɗalibi ke ganin juna, da darasin da ake yi ta intanet a waya ko kwamfuta. Masana ilimi irin su Randy Garrison da Heather Kanuka sun bayyana shi a shekarar 2004 a matsayin haɗa hanyoyin biyu bisa tsari, ta yadda kowace za ta cike giɓin ɗayar. A manyan makarantun Najeriya ana amfani da shi a darussa da dama, ciki har da darasin Turanci da ɗaliban kimiyyar laburare ke ɗauka.

Asali

Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta buɗe sashen kimiyyar laburare a 1968, kuma shi ne na farko a arewacin Najeriya. A cikin garin Kaduna, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda ta samo asali a 1956, tana koyar da fannin a matakin difloma. Kwalejin na da harabobi a sassan gari, ciki har da ta Barnawa a kudancin Kogin Kaduna.

Karatu daga nesa ba baƙon abu ba ne a Kaduna. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana koyarwa ta hanyar littattafan da ɗalibi ke karantawa a gida, sannan a haɗu da malami a ƙarshen mako. Sai dai amfani da intanet ya yaɗu ne sosai bayan watan Maris na 2020, lokacin da aka rufe makarantu saboda annobar korona.

Matsayin Turanci a fannin

Darasin Turanci wajibi ne ga duk ɗalibin shekarar farko. A jami'o'i ana kiransa GST 111 a manhajar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa. A kwalejojin fasaha kuwa akwai GNS 101 da GNS 102, ƙarƙashin Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa mai hedikwata a Kaduna.

Ga ɗalibin laburare, buƙatar ta wuce cin jarrabawa, domin kayan aikinsa da Turanci aka rubuta su. Tsarin rarraba littattafai na Dewey, wanda ya fara fitowa a 1876, da jerin kanun batutuwa na Laburaren Majalisar Dokokin Amurka duk a wannan harshe suke. Kafin ma'aikaci ya ba littafi lamba, sai ya karanta shi ya gane batunsa. Littafin nahawun Turanci yana shiga 420, na nahawun Hausa kuma yana ƙarƙashin 493. In aka yi wa batun mummunar fahimta, littafin zai tafi kantar da ba tasa ba, mai nema kuma ba zai same shi ba ko da yana cikin ginin. Haka kuma ma'aikaci na rubuta taƙaitaccen bayanin maƙala, yana zaɓar kalmomin bincike a rumbun bayanai, yana amsa tambayoyin masu karatu.

Yadda ake gudanarwa

Yawanci malami kan tura darasi kafin ranar aji: gajeren bidiyo, saƙon murya ko rubutu. Ana amfani da manhajoji irin su Moodle, wadda Martin Dougiamas ɗan ƙasar Ostareliya ya fitar a 2002, da Google Classroom, da kuma WhatsApp wadda ta fi sauƙin samuwa ga ɗalibai. Ɗalibi zai saurara, ya yi atisayen nahawu, ya tura aikinsa. Idan aka haɗu a aji sai a duƙufa kan abin da ke buƙatar malami a kusa, kamar furuci, gyaran rubutu da gwajin hira tsakanin ma'aikaci da mai neman littafi.

Amfani

Darasin Turanci na gama-gari yakan tara ɗaliban sassa da yawa a zaure guda, abin da ke hana malami duba aikin kowa. Atisayen intanet na nuna wa ɗalibi kuskurensa nan take, kuma yana iya maimaita sauraro sau nawa ya ga dama. Wannan na taimakon wanda harshensa na farko Hausa ne wajen bambance sautin p da f, ko wajen furta baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma ba tare da cusa wasali ba. Tsarin yana kuma rage zirga-zirga ga mazauna Kakuri, Narayi ko Sabon Tasha waɗanda ajinsu ke tsallaken gada.

Ƙalubale

Manyan matsalolin su ne tsadar data, ɗaukewar wutar lantarki da raunin sabis. Ba kowane ɗalibi ke da babbar waya ba, kuma rubuta doguwar maƙala a waya na da wahala. Akwai kuma kwafar aikin wani, da buƙatar horar da malamai. Idan aka mayar da muhimmin ɓangaren darasi intanet ba tare da tanadi ba, ɗalibi marar hali ne zai koma baya. Shi ya sa wasu malamai ke fifita saƙon murya da rubutu marasa cin data, su bar jarrabawa a cikin aji.